Gonata ta daina jin taki, ina matsalar take?

Ɗan Bunkure: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya da ta daɗe tana damuna. Gonar da muka gada jigawa ce, kusan eka uku, masara da dawa muke yi. A da, buhu biyu na kamfa da ɗaya na yuriya sun ishe mu. Bara sai da na ninka, amma abin da na kai gida bai kai na da ba. Idan na zuba taki masara takan yi kore shar na sati biyu zuwa uku, daga an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu sai ganyen ƙasa ya fara rawaya. Ita ƙasar kuma ta canja kama. Ruwa ba ya shiga, sai ya kwanta ko ya gudu, rana na fitowa saman ya daskare kamar daɓe. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, akwai wani ɗan fili a bayan gidanmu inda Inna take zuba shara da kashin awaki. Ƙasar wurin baƙa ce, idan ka dumbuza sai ta warwatse kamar dambu, ga tana a ciki, kuma ba mu taɓa sa mata takin zamani ba. Shin takin da nake saye ne jabu, ko gonar ce ta mutu?

Dillalin Taki: Wa alaikumus salam. Jabu akwai shi a kasuwa, wannan ba a musu. Amma kafin ka ɗora laifi a kan buhu, faɗa mana yadda kake zubawa. Da yawa suna watsa yuriya a saman ƙasa da rana tsaka su tafi, wani kaso ya bi iska. Ka riƙa binnewa, ka kuma raba shi kashi biyu, sati biyu bayan shuka da sati biyar zuwa shida.

Ɗan Bunkure: Binnewa nake yi, Alhaji, da tsinke, nesa da gindi kaɗan. Kuma maƙwabcina da muka sayi taki a shago ɗaya, shi tasa ta yi kyau.

Baba Mai Garma: Ɗana, gonarka ba ta mutu ba, yunwa take ji. Na kai shekara hamsin ina noma. A zamanin iyayenmu, bayan an yi girbi Fulani suke sauka a gona, su yi wata ɗaya ko biyu, a ba su dawa su bar mana mashekari. Inda shanu suka kwana, shekara uku kana gane wurin daga nesa. Gonar da ta gaji kuma a bar ta saura. Yanzu babu saura, babu mashekari, kara ma ana kwashewa ƙarƙaf a sayar. Ni a ganina takin zamanin nan shi ne ya ƙone ƙasa. Ku koma wa na gargajiya ku huta.

Malamin Ƙasa: Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka ita ce tsakiyar gaskiyar, ɗaya rabin kuma zan nemi izini in yi gyara. Ɗan Bunkure, amsar tambayarka tana bayan gidanku.

Wancan baƙin abin da ya rina ƙasar wurin Inna shi masana ke kira humos. Ganye, kara, kashin dabba da saiwa, idan gara da tana da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani suka ci su suka sake ci, abin da ya rage, wanda ba ka iya gane asalinsa, shi ne wannan baƙar ruɓa. Fiye da rabin nauyinta kabon ne, kusan kashi 58 cikin 100.

Ga inda take da muhimmanci. Abincin shuka da yawa, kamar fotasiyam, kalsiyam, magnesiyam da amoniyam, idan suka narke a ruwa suna ɗauke da caji fozitif. Ƙwayoyin laka da na baƙar ruɓa kuma cajinsu nagatif ne, saboda haka suna kama wannan abinci kamar yadda maganaɗisu ke kama allura, su riƙe, su riƙa sakar wa saiwa a hankali. Rairayi ba ya riƙe komai. Ita ma laka iri-iri ce. Wadda ta fi yawa a ƙasar tudu a arewacin Najeriya ita ce kawolin, kuma raguwa ce wajen riƙo: a ma'aunin da ake amfani da shi tana tsakanin 3 da 15. Baƙar lakar dabaro mai tsagewa da rani takan kai 80 zuwa sama. Baƙar ruɓa kuwa takan kai 200. Ka ga ke nan a jigawa irin taka, inda laka kaɗan ce kuma mai rauni, kusan duk rumbun ajiyar gonar yana hannun baƙar ruɓa. Idan ta ƙare, takinka ba shi da inda zai zauna. Ruwan farko mai ƙarfi zai sauke shi ƙasa da inda saiwa take kaiwa. Rawayar da kake gani a ganyen ƙasa ita ce alamar naitirojin ya tsere.

Ɗan Bunkure: Malam, Allah ya saka. To daskarewar saman fa, ita ma daga nan take?

Malamin Ƙasa: Daga nan take. Ƙasa mai lafiya ba gari ba ce, dunƙule-dunƙule ce ƙanana, dambun nan da ka kwatanta. Abin da ke haɗa su kuwa danƙon da ƙwayoyin halitta ke fitarwa ne, da zaren naman gwari mai bin saiwa, da kalsiyam wanda ke zama gada tsakanin laka da baƙar ruɓa. A tsakanin dunƙulallun akwai ƙofofi, ta nan ruwa da iska ke shiga. Idan danƙon ya ƙare, ɗigon ruwan sama kaɗai ya isa ya farfasa su, garin ya toshe ƙofofin, ya bushe ya zama ɓawo. Haka fako yake farawa. Yawan kaftu da tarakta yana ƙara hanzarta abin, domin duk juyawa tana buɗe wa iska hanya, ƙwayoyin halitta su cinye ruɓar da sauri. Zafin ƙasarmu ma yana taimaka musu. Shi ya sa kabon a gonakin tudu namu yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Baba Mai Garma: Malam, ai maganata ka maimaita da harshen boko. Ina gyaran?

Malamin Ƙasa: Gyaran a kan cewa takin zamani ne ya ƙone ƙasa, Baba. A Samaru ta Zariya akwai gonar gwaji da aka fara tun 1950, ana kwatanta fili mai kashin shanu, da mai takin zamani, da mai duka biyun, da wanda ba a sa masa komai. Abin da ya fito fili shi ne, takin naitirojin shi kaɗai, musamman amoniyam salfet, shekara bayan shekara yana sa ƙasa tsami. Nan kana da gaskiya. Dalili kuwa, lokacin da ƙwayoyin halitta ke mayar da amoniyam zuwa naitiret suna sakin tsami, kuma naitiret ɗin idan ya wanke yakan ja kalsiyam da magnesiyam su tafi tare. Idan ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya sauka ƙasa da 5.5, aluminiyam yakan narke ya hana saiwa tsawo, fosfaras kuma ya manne da ƙarfe da aluminiyam, shuka ta kasa ɗauka. Amma filayen da aka haɗa kashin shanu da takin zamani su ne suka fi riƙe amfaninsu. Kuma filin da ba a sa masa komai ba shi ma ya lalace. Saboda haka abin da ya kashe gona shi ne ɗiba ba mayarwa. Takin zamani ya rufe mana ido ne na wasu shekaru, muka zaci ya maye gurbin mashekari.

Dillalin Taki: Madalla da Malam. Kuma a tuna, a taron takin zamani na Afirka da aka yi a Abuja a 2006 an ce manomin Afirka kudu da Sahara kilo 8 kacal yake sa wa hekta, aka sa burin kai wa 50. Mutumin da ke sa wannan ɗan abin ba za a ce yawan taki ne ya kashe masa gona ba.

Mai Kiwo Ɗan Ɗambatta: Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangare. Kullum masana suna cewa a bar kara a gona. Wa zai bari? Karan dawa shi ne abincin shanuna daga Janairu har faɗuwar ruwa, shi ne danga, shi ne makamashin matanmu. Harawa kuwa kuɗi ce a hannu, wani lokaci ta fi waken kansa daraja. Ko ka bari ma, dabbobin wasu za su shigo su cinye, ko wani ya kwashe da dare. Wannan shawarar ta mai ƙoshi ce.

Baba Mai Garma: Yaro, da gaskiyarka. Amma inda kuka ɓata shi ne, kara ya fita gona, kashin bai dawo ba. Mu da jaki da mangala muke yini muna kai taki tun bayan girbi. Yanzu sai ka ga an sayar wa masu lambu, gonar hatsi ta tashi a tutar babu.

Malamin Ƙasa: Wannan ita ce maganar. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, tun kaka da kakanni. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne zagayen nan: a shuka hatsi da wake da gyaɗa tare, a ɗaure awaki da tumaki a gida a ba su harawa, a kwashe kashinsu da tokar murhu da sharar gida a mayar gona. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ita ma tana sauke ɗan fotasiyam da kalsiyam kyauta. Ba lallai karan ya kwana a gona ba, muddin ya koma ta cikin dabba. Asarar da ta fi ciwo a wurina ita ce fitsari. Kaso mai yawa na naitirojin da fotasiyam da dabba ke fitarwa a fitsari yake. Idan ka shimfiɗa ƙaiƙayi ko guntun kara a turke, zai tsotse shi maimakon ya bi iska.

Amma kada in yaudare ku da sauƙi. Ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin santimita 15, ta haura tan 2,000. Ƙara mata baƙar ruɓa da kashi 1 cikin 100 yana nufin tan 20, alhali mafi yawan takin da ka zuba ƙwayoyin halitta za su cinye shi ya koma iska a shekarar farko. Aikin shekaru ne, kuma ranar da ka daina, ya fara komawa baya.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Wagga magana mun sha ta, don ƙasarmu ta fi taku rairayi. A Sadore kusa da Yamai, inda cibiyar binciken noma ta ICRISAT take, ƙasar sama da kashi 90 cikin 100 rairayi ce. Tunda taki ba ya isa a baza ko'ina, sai aka koma tara shi wuri guda. Wajen Tawa ana haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka, a fako tun da rani, a sa taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa da ramukanta, ruwa ya samu hanya. Manoman Ilela sun gano ta a Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar marigayi Yakuba Sawadogo, manomin da ya yi suna da wagga dabara. Sannan akwai ɗan tsunkule: giram 6 na kamfa a ramin shuka, cikin murfin kwalba ke nan. Masanin ƙasa André Bationo da abokan aikinsa sun yi aiki sosai a kansa.

Abin da ya fi duka a wurinmu itace ne. Tun 1983 masanin noma Tony Rinaudo ya fara aiki da manoma nan Maraɗi a kan sassaben zamani, wato ka bar kututture ya toho, ka zaɓi reshe biyu ko uku ka gyara. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka a Nijar. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, saiwarsa tana kama naitirojin daga iska, dabbobi su taru ƙarƙashinsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Ku dubi geron gindin gawo ku dubi na nesa.

Hajiya Mai Lambu: Ni tambayata daban ce, Malam. Na ji ana ta cewa a sa ruɓa, sai na samo garin katako da ɓuntun shinkafa na cuɗa a kwamin alayyafo da latas. Wallahi sai suka tsaya cak, suka yi fari-fari. Har na yi zaton ciwo ne.

Malamin Ƙasa: Hajiya, ba ciwo ba ne, ƙwayoyin halitta ne suka yi wa alayyafonki rancen naitirojin. Suna buƙatar kusan kabon 24 ga kowane naitirojin 1 a abincinsu. Garin katako yakan kai 400 ga 1. Da suka samu tulin kabon babu mahaɗi, sai suka kwashi naitirojin da ke ƙasar. Za su dawo da shi idan sun gama, amma lokacin latas ya wuce. Ki tara shi a rami, shimfiɗa ɗaya ta ɓuntu, ɗaya ta kashin kaji ko na awaki da ɗanyen ganye, ki yayyafa ruwa ya yi laima kamar tsumman da aka matse, ki riƙa juyawa. Idan zafin cikinsa ya sauka, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar farkon damina, ya nuna. Zafin nan yana kuma kashe irin ciyawa da yawa. Idan kuwa a sama kawai kika shimfiɗa ɓuntun ba ki cuɗa ba, matsalar ba ta kai haka ba.

Hajiya Mai Lambu: To toka fa? Kakata ba ta raba lambu da toka.

Malamin Ƙasa: Toka tana da fotasiyam da kalsiyam, kuma tana rage tsami, ga jigawa mai tsami alheri ce. Abu biyu kawai. Kada ki haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji a lokaci ɗaya, za ki ji wari mai hawa kai, naitirojin ɗinki ne ke tashi. Na biyu, tokar murhu daban, cinna wa gona wuta daban. Wuta tana tafiya da kabon da naitirojin da salfa, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko.

Mai Noman Rani, Kadawa: Malam, kada a ba kowa magani ɗaya. Mu a nan akwai filayen da farin gishiri ke fitowa a sama kamar kanwa, ƙasar ta yi santsi idan ta jiƙe, ta yi tauri kamar dutse idan ta bushe. Wani ya zuba toka abin ya ƙara lalacewa.

Malamin Ƙasa: Ka yi daidai da ka tsayar da ni. Taku kishiyar ta Ɗan Bunkure ce. Inda ruwan ban-ruwa ke kwanciya ba magudana, yakan taso da gishiri sama. Sodiyam yana tarwatsa ƙwayoyin laka, kalsiyam yana tara su. Toka da farar ƙasa za su ƙara ɗaga pH ne kawai. Abin da ake sa wa irin wannan ƙasa jifsam ne, kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam, sannan a wanke da ruwa. Amma in ba a gyara magudana ba, ruwan wankin ba shi da inda zai tafi. Ruɓaɓɓen taki da bambaron shinkafa suna taimakawa wajen buɗe ta.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Malam, da izininka. A aji an nuna mana takardar Johannes Lehmann da Markus Kleber ta 2015 a mujallar Nature, inda suka ce manyan ƙwayoyin humik, wato na baƙar ruɓa, da ake ta magana a kansu, yawanci hanyar da ake bi a ɗakin gwaji ce ke samar da su, wato jiƙa ƙasa da ruwan soda mai ƙarfi. A cewarsu abin da ke cikin ƙasa ragowar tsirrai ne da gawar ƙwayoyin halitta a matakai daban-daban na ruɓewa, kuma abin da ke sa su daɗe shi ne mannewa a jikin laka da ɓuya a cikin dunƙulallu. Ina tambaya ne saboda yanzu ana tallar humik asid a kwalba, ana cewa lita ɗaya ta maye gurbin tulin taki.

Malamin Ƙasa: Ƙanwata, kin kawo magana mai nauyi, kuma har yanzu masana na jayayya a kanta. Ni na karkata ga ra'ayinsu, domin ya bayyana abin da manomi ke gani: taki yana daɗewa a dabaro da fadama, yana ƙarewa da wuri a jigawa, saboda babu lakar da za ta ɓoye shi. Darasin ga mai jigawa shi ne kaɗan-kaɗan kowace shekara ya fi tuli guda sau ɗaya a shekara biyar. Batun kwalba kuwa, ki ɗora lita ɗaya a kan tan 2,000 na ƙasa ki yi lissafi. Wataƙila ta ɗan zaburar da saiwa, amma ba za ta gina dambun ƙasa ba. Kuɗin ya fi amfani a kurar kashin awaki.

Mai Kiwo Ɗan Ɗambatta: Takin bola na birni fa? Da arha ake kawo shi a tifa.

Hajiya Mai Lambu: Ɗana, ka yi hankali da shi. Na taɓa saye, rabinsa leda ne da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Shekara uku ina tsince leda a lambu.

Malamin Ƙasa: Batura su ne abin tsoro, saboda dalma da kadmiyam ba sa ruɓewa, kuma ganye yana ɗaukar su. A tankaɗe shi, a san unguwar da ya fito, a guji wanda ya haɗu da sharar masana'antu ko ta asibiti, musamman ga kayan miya.

Ɗan Bunkure: Jama'a, na gode ƙwarai. Ga abin da na tsara, ku duba min. Awakina tara ne da sa ɗaya, takinsu ba zai ishi eka uku ba. Zan raba gonar uku. Kashi ɗaya zan tara masa duk takin bana a cikin kunya, in sa masara da kamfa daidai ƙarfina. Na biyu gyaɗa da wake, da ɗan sufa. Na uku dawa da wake a tsakani. Baɗi in juya. Akwai kututturen gawo biyu da nake sarewa duk shekara, bana zan bar su. Zan kuma kai ƙasar a auna pH kafin in sayi komai. Abin da ban gane ba, yaushe ya fi in kai takin gona? Mu mun saba tun Fabrairu muke jibge shi tsibi-tsibi.

Baba Mai Garma: Kai shi da wuri ba laifi, ɗana, don idan ruwa ya sauka ba ka da lokaci. Amma kada ka baza shi rana ta yi wata uku tana dukansa. Ka tara shi babban tsibi a inuwa, ka rufe da kara ko ƙasa. Sai an yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, ka baza ka yi huɗa a kansa a ranar. Gawon nan kuma ka kafa musu ƙaya, awaki ba za su bar tohon ba.

Ɗan Maraɗi: In ka tashi gyaran gawon, ka yanke rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya tsage. Ka turo muna hoton kututturen mu gaya maka reshen da za ka bari.